Abin da Ke Tsayar da Kwamfutocinmu da Azahar

Cikin duk ranakun da na yi a wannan aiki namu na kwamfuta, akwai guda ɗaya da ta ƙi fita daga raina: ranar da Manjo ya kira ni ofishinsa, ya shimfiɗa takardar tabbatar da ni a aiki a kan tebur, ya ɗora biro a kanta, ya ce ba zai sa hannu ba sai na faɗa masa abin da ke tsayar da kwamfutocin asibiti kullum da azahar. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in tattara komatsaina in tafi ritaya, wannan zan ba ku. Ku matasa da kuka tarar da kwamfutoci suna magana da juna ba tare da waya ba, sai ku yi haƙuri da ni, dole in riƙa tsayawa ina bayani.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ce, 1999. Gari ya cika da fastoci da dogon buri, kowa ka taɓa sai ya ce maka yanzu dimokuraɗiyya ake yi, har kwandastan bas in ka ce ya matsa. A watan Afrilu na shekarar aka ɗauke ni aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Gyadi-Gyadi, na wani likita da ya bar asibitin koyarwa ya buɗe nasa. Muƙamina jami'ar kwamfuta, amma kowa Injiniya yake ce mini, wasu don girmamawa wasu don tsokana, saboda a lokacin mace da sukudireba a jaka abin kallo ce. An ɗauke ni a kan gwaji na wata shida. Ma'anar gwaji ita ce, in wata shidan ya cika shugaban sashen mulki ya sa hannu, ka zama cikakken ma'aikaci. In bai sa ba, sai ka ɗauki jakarka, babu wanda za ka kai wa ƙara.

Shugaban sashen mulkin shi ne Manjo, tsohon soja da ya yi ritaya. Ma'aikata kan ce soja sun koma bariki amma an manta da shi a wurinmu. Ba mugu ba ne, tsari ne kawai ya yi masa yawa. Komai yana da rajistarsa, har tsintsiya. Kuma shi ne ya yi mini alfarmar da ta sa na iya karɓar aikin. Ina da jaririya a lokacin, 'yar fari, wadda har yau ba na kiran sunanta. Nakan ajiye ta da safe a gidanmu na Tarauni wurin Inna, mahaifiyata, sai Manjo ya yarda in riƙa fita daga ƙarfe ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, in je in shayar da ita, in yi sallata a can, in dawo.

Aikin farko da aka ba ni shi ne in haɗa kwamfutocin asibitin guda bakwai su riƙa aiki tare. A wancan zamanin waya ɗaya ce baƙa mai kauri ake ja daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Ta taso daga saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan kowa, ta bi ta ofishin Manjo, da ɗakin magani, da ɗakin gwaje-gwaje, da wurin karɓar marasa lafiya, ta ƙare a ɗakin kati can ƙarshen baranda. A bayan kowace kwamfuta akwai wani ɗan ƙarfe mai baki uku da wayar ke shiga ta fita. Illar wannan tsari ɗaya ce: kamar zaren carbi yake, in ya tsinke a wuri ɗaya duka ne ke zubewa. Ni na auna, ni na ja wayar da hannuna, ni kuma na rubuta manhajar da ake rajistar marasa lafiya da ita. Ranar da aka fara aiki da ita cikin watan Yuni, sai da na koma gida ina jin kaina kamar ni aka rantsar.

Ba a yi kwana uku ba matsala ta ɓullo. Kullum wajen ƙarfe biyu, kwamfutocin sai su daina ganin sabar. Su yi minti goma, wani lokacin sha biyar, sai su dawo da kansu kamar ba abin da ya faru. A wannan lokacin maza duk sun tafi masallaci, ni ina Tarauni, kuma babu wayar hannu balle a kira ni. Mai shan wahalar ita ce Sista Ladi, wata nas 'yar Kudancin Kaduna da ke riƙe wurin karɓar marasa lafiya in an tafi salla. Mace ce mai murya da fara'a, ina sauka daga acaɓa zan jiyo ta: "Injiniya, abarki ta tafi yawo ta dawo!"

Da a ce tafiya da dawowar ce kawai da sauƙi. Amma in haɗin ya yanke ana tsakiyar adana bayani, jerin lambobin kati sai ya hargitse, lambar wani ta riƙa fito da bayanin wani, sai na zauna na sake jera su. Wata rana wani dattijo mai farin gemu ya zo da ciwon gwiwa, Sista Ladi ta buga lambarsa, ta kalli allon, ta kalle shi, ta ce, "Baba, kwamfuta ta ce cikinka wata bakwai." Dattijon ya ce to a gaya wa kwamfuta ya gode, amma shi gwiwa ce ta kawo shi. An yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, amma a raina na tsorata, don na san ranar da kuskuren zai faɗa ɗakin magani ba dariya za a yi ba.

Na sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, na ba Sista Ladi, na ce duk ranar da abin ya faru ta rubuta lokacin da ya fara, da lokacin da ya daina, da ko akwai wuta, da ko ana ruwa. Ni kuma na kama bin abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Na duba ko bairos ne, babu. Na buɗe sabar na share fankarta don kada zafin rana ne. Na karanta manhajata layi-layi ko na sa wani abu da ke tashi da ƙarfe biyu ban sani ba. Kowace safiya nakan bi wayar nan daga farko har ƙarshe ina taɓa ƙarafan, komai daram. A ɗakin kati ma ba na daɗewa, domin mai kula da shi, Yaya Rabi, wata mace mai sanyin hali da ta girme ni da kusan shekara goma, kullum maganarta ɗaya ce: "Ni fa tawa ba ta taɓa yi ba, Injiniya. Lafiyarta ƙalau."

Daga ƙarshe na ɗora laifin a kan wuta. Na ce wataƙila lokacin da ake ɗauke wuta a kunna janareta ne sabar ke razana. Aka sayo sabuwar sitabilaiza, wato na'urar daidaita ƙarfin wuta, na haɗa. Washegari shiru. Jibi shiru. Kwana shida cur babu ko tari. Na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa, har na yi wa Sista Ladi alkawarin dambun nama. Rana ta bakwai ina sauka daga acaɓa na ji muryarta tun daga bakin ƙofa, na san dambu ya sha ruwa.

Manjo ya ce shi ya san irin wannan, zagon ƙasa ne. Ya sa maigadi ya riƙa tsayuwa a ƙofar ɗakin saba daga ƙarfe ɗaya zuwa uku da sanda a hannu. Bawan Allah ya yi mako guda yana rasa jam'i, bai kama ko ƙadangare ba, kwamfutoci kuwa suna ta tafiyarsu suna dawowa a bayansa. Da wannan ya ƙi, sai Manjo ya ɗauko wani injiniya daga Legas. Mutumin ya zo da kwat da jakar hannu, ya yi mini tambayoyi da Turanci yana kallon silin, ya canza katin haɗin da ke cikin sabar, ya ce an gama. Ikon Allah, tun daga ranar abin ya tsaya. Manjo ya riƙa wuce ni a baranda yana gyaran murya. Ba na ɓoye muku, na ji zafi ƙwarai, kuma na ji kunya, har na fara tunanin ko dai gaskiyar masu tsokana ce. Kwana shida aka yi. A na bakwai, mutumin ya riga ya isa Legas, abin ya dawo yadda yake. Allah ya yafe mini, ranar da murna na sake jera lambobin kati.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Manjo ya kira ni ya ce, "Injiniya, ni na lura da abu ɗaya. Abin nan ba ya faruwa sai kin fita. Daga Litinin babu fitar rana."

Na ce, "Yallaɓai, yarinyar fa?"

Ya ce, "Ki gyara kwamfuta, ki koma wurin yarinya."

Makon farko na wannan hani shi ne mafi wuya a wurina. Inna na fama da jaririya da cokali da ruwan koko, ni ina zaune gaban saba ƙirjina ya cika yana ciwo, hankalina rabi a Gyadi-Gyadi rabi a Tarauni. Amma na ga abin da idona. Ƙarfe biyu saura 'yan mintoci haɗin ya yanke, na tashi a guje ina bin waya ɗaki-ɗaki. Ofishin Manjo lafiya, ɗakin magani lafiya, ɗakin gwaje-gwaje lafiya. Na isa ɗakin kati na tarar da ƙofa a kulle ta ciki. Na ƙwanƙwasa, Sista Ladi ta leƙo ta ce, "Rabi na salla." Na ce to, na juya, don ba a tayar da mai salla. Kafin in koma wurin saba komai ya dawo. Can sai ga Yaya Rabi ta buɗe ƙofa da carbi a hannu tana tambayata ko lafiya. Na shiga na duba bayan kwamfutarta, ƙarfen na zaune daram. Haka na yi ta yi har kwana biyar, kullum ina tsayawa a bakin wannan ƙofa ina juyawa, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Wajen ƙarshen watan Agusta abin ya sake tsayawa na kwana shida. Wannan karon babu wanda ya taɓa komai, ba sitabilaiza, ba mutumin Legas. Ya huta don kansa, ya dawo don kansa. Bayan nan ne Manjo ya yi mini kiran da na faɗa muku da farko. Ya nuna takardar, ya nuna kalanda, ya ce ranar ƙarshe ta Satumba gwajina zai cika. "Ba ni da komai da ke, Malama Saude," in ji shi, kuma wannan ne karo na farko da ya kira sunana. "Amma ni ba na sa hannu a kan abin da ban gane ba."

Da aka tashi daga aiki na wuce Tarauni. Na tarar da Inna a tsakar gida tana yanka kuɓewa, yarinyar na goye a bayanta. Na karɓe ta na zauna a kan tabarma ina shayar da ita, littafin Sista Ladi a buɗe a gefena. Inna ba ta yi boko ba, kuma ba ta taɓa ganin kwamfuta ido da ido ba, amma ba ta iya ganin mutum cikin damuwa ta ƙyale shi.

Ta ce, "Ke wai wane irin ciwo ne injin nan naku yake yi da ya hana ki sukuni?"

Na ce, "Inna, ba za ki gane ba."

Ta ce, "Ai ke da kika gane ga shi nan kin gyara. Faɗa mini."

Na yi dariyar dole, na ce kullum da azahar yake tsayawa, minti goma zuwa sha biyar, sai ya ci gaba.

"Kullum-kullum?"

"Kullum, sai dai yakan huta kwana shida."

"A shekara?"

"A'a, kusan duk wata."

Inna ta ajiye wuƙar, ta dube ni, ta ce, "To ai Saude wannan injin naku mace ce. Salla take tsayawa yi da azahar, in wata ya zagayo kuma ta yi fashinta."

Na fashe da dariya har yarinyar ta saki nono ta kalle ni. Ina cikin dariyar sai na tsaya cak. Na jawo littafin na ƙirga kwanakin da ke tsakanin hutu na farko da na biyu, da na biyu da na uku. Kusan daidai suke, kwana ashirin da takwas, ashirin da tara. Duk wata ukun nan ina neman abin da ke faruwa da ƙarfe biyu, ban taɓa tambayar kaina wa ke yin wani abu da ƙarfe biyu ba. Sauran matan asibitin a ɗakin canza kaya suke salla, can wajen masu jinya, inda wayata ba ta bi ba. Mace ɗaya ce ke salla a ɗakin da waya ta shiga, ita ce kuma mai cewa tata ba ta taɓa yi ba. Ina za ta ga ta yi, alhali duk lokacin da abin ke faruwa ta ba allon baya tana gaban Ubangijinta?

Washegari na tafi da darduma a jaka. Ana kiran salla na nufi ɗakin kati na ce, "Yaya Rabi, yau a wurinki zan yi salla."

Ta ce, "Bismilla, amma wurin ba ya cin mutum biyu, sai dai bi da bi."

Gaskiyarta. Ɗakin ƙarami ne, kantocin fayil sun cinye bango uku har sama. Ta kulle ƙofa, ta gyara mayafinta, sannan ba tare da ko tunani ba ta sa hannu ta ja ɗan teburin kwamfutar mai taya zuwa gefe, kamar taki biyu, ta shimfiɗa dardumarta tana fuskantar gabas, daidai inda teburin yake a da. Ina tsaye ina kallo wayar nan ta miƙe ta ɗaure, ɗan ƙarfen mai baki uku ya karkace. Ba ta kai ga tayar da kabbara ba na jiyo Sista Ladi daga can baranda: "Ta tafi kuma!"

Ban taɓa jin daɗin muryar mutum kamar yadda na ji daɗin ta Sista Ladi a ranar ba. Saura kaɗan in rangaɗa guɗa a ɗakin kati. Na toshe bakina da gefen mayafi na bar Yaya Rabi ta yi sallarta a natse. Ta sallame, ta yi addu'a, ta naɗe darduma, ta tura teburin ya koma mazauninsa. Waya ta saki, ƙarfe ya koma ya zauna. Daga baranda aka ce, "Ta dawo!"

Da na yi mata bayani, Yaya Rabi ta zauna daɓas a kan kujera, ta dafe ƙirji. "Innalillahi. Ashe ni ce? Duk wahalar nan da kika sha, da hana ki zuwa wurin 'yarki, ashe ni ce? Wayyo, Manjo zai kore ni."

Na ce, "Tun yaushe kike salla a nan?"

"Shekara bakwai, tun da aka buɗe asibitin. Ba na iya barin kati ba kowa, shi ya sa."

"To me ya sa ranar da nake ajiye kwamfutar ba ki ce mini wurin sallarki ne ba?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na ga kin zo da abin awo, kin auna, kin rubuta a takarda. Na ce ke ce injiniya, wataƙila dole nan za ta zauna. Na ji nauyin in yi miki magana."

Wannan amsa ta shige ni. Na tuna ranar sarai. Na auna tsawon bango, na duba inda soket yake, na duba inda hasken taga ba zai bugi allo ba. Matar tana tsaye a gefena tana riƙe mini bakin abin awon, ban tambaye ta komai ba sai ko akwai ɓera.

Na yi sallata, sannan na kira Sista Ladi muka gwada abin sau uku, ina jan tebur tana ihu daga baranda, ina mayarwa tana ihu. Ranar Asabar na zo na mayar da kwamfutar bangon yamma, na yanke waya na ƙara mata tsawo, na sa sabon ƙarfe, na bi ta da ƙusoshi a jikin bango yadda ko an ja tebur ba za ta motsa ba. Amma ban je wurin Manjo ba tukuna. Sau biyu hutun nan yana ruɗin mu, ba zan bari ya yi na uku ba. Na ja Yaya Rabi gefe na yi mata tambayar da mace kaɗai ke iya yi wa mace, ta rufe fuska tana dariya ta ce a'a, da saura. Sai da aka yi kwana takwas tana sallarta, kwamfutoci na aikinsu, sannan na roƙi Sista Ladi ta raka ni ofishin Manjo a matsayin shaida.

Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Sannan ya yi tambayar da na san zai yi: "Laifin wa ne?"

Na ce, "Nawa ne, Yallaɓai. Na ajiye kwamfuta a wurin sallar mutum ban tambaya ba."

Ya tashi ya ce mu je ya gani. Ya tsaya a ƙofar ɗakin kati, ya dubi kantoci, ya dubi ɗan filin da bai fi tsawon darduma ba, Yaya Rabi na rakuɓe a gefe. Can ya ce, "Malama Rabi, shekara bakwai a nan kike salla?" Ta ce e. Ya ce, "Sauran matan fa?" Sista Ladi ta ce a ɗakin canza kaya, tsakanin takalma da bokitai. Manjo ya cire hularsa ya sosa kai, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ce shi yana da rajistar tsintsiya, amma bai san inda matan asibitinsa ke salla ba.

Muka koma ofis, ya ɗauki biro, har ya kai shi bakin takardar, sai ya tsaya. Ya buɗe aljihun tebur ya fito da nasa littafin. Ashe shi ma yana rubuta kwanakin. Ya ce, "Saura abu ɗaya. Kwana shidan nan da abin ke tsayawa duk wata, su kuma fa? Na ce ba na sa hannu a kan abin da ban gane ba."

Na dubi Sista Ladi, ta dube ni. Ni dai kunya ta hana ni buɗe baki, kuma sirrin ba nawa ba ne. Sista Ladi ta gyara tsayuwa ta ce, "Yallaɓai, wannan ba aikin injiniya ba ne. In ka koma gida ka tambayi Hajiya, ka ce mata abu ne da ke salla kullum amma yana hutun kwana shida a wata."

Manjo ya dubi littafinsa. Muna tsaye muna kallon yadda abin ke sauka masa a hankali. Ya yi gyaran murya sau biyu, ya rufe littafin, ya jefa shi can ƙasan aljihun tebur, ya ce, "Na gane. Ba sai an sa wannan a rahoto ba." Ya rattaba hannu a takardata da sauri ba tare da ya ɗago ido ba, ya ce, "Ƙarfe ɗaya da rabi ta wuce da minti biyar, Injiniya. Yarinya na jira."

Mun riƙe dariyarmu har muka kai ƙarshen baranda, a nan ta ƙwace mana, Sista Ladi har da zama a ƙasa. Na hau acaɓa takarda a jaka, ina dariya ina share hawaye, ɗan acaɓan na ta waiwayowa yana tambaya ko lafiya. Kafin mako ya zagayo Manjo ya sa an kwashe tarkacen da ke wani sito kusa da ɗakin magani, aka yi fenti, aka shimfiɗa tabarmi, aka ajiye butoci, ya zama masallacin mata. Ya buɗe wa butocin rajista, amma wannan ba wanda ya yi ƙorafi. Sista Ladi kuma ta ci dambunta, kwano guda ita kaɗai.

Na yi shekaru bayan nan ina haɗa kwamfutoci a asibitoci da makarantu da ofisoshi, waya mai bakin ƙarfe ta wuce, wasu sun zo sun wuce. Abin da na riƙe daga Gyadi-Gyadi bai tsufa ba. Mu masu wannan sana'a mun iya tambayar inji abin da ke damunsa, amma muna mantawa cewa ɗakin da muka shigo da shi akwai mai shi, yana da inda yake zama, da inda yake ajiye kwanon abincinsa, da inda yake kai goshinsa ƙasa. Kuma mutanenmu suna da kara. In suka gan ka da abin awo da takarda ba za su ce ka yi kuskure ba, za su matsar da teburinka a hankali in ka fita, su mayar kafin ka dawo. Shi ya sa waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashina suka san ni da tambaya ɗaya, har suna kwaikwayona da ita a bayan idona. Duk ɗakin da na shiga, kafin in nemi soket, sai na ce, "Ina ne gabas, kuma wa ke salla a nan?"

Inna kuwa, Allah ya jiƙanta, har ta bar duniya ba ta taɓa kwamfuta da hannunta ba. Amma duk baƙuwar da ta zo gidanmu na Tarauni sai ta ba ta labarin yadda injin asibiti ya gagari soja, ya gagari mutumin Legas, ya gagari 'yarta mai difloma, ita ta gyara shi tana zaune tana yanka kuɓewa. Ban taɓa musa mata ba, don gaskiya ta faɗa.